Ra'ayinmu: A Buɗe Ƙofar Hawa da Sauka a Gasar Jami'o'in Amurka

A Amurka, ƙwallon da ke tara jama'a ranar Asabar shi ne na jami'o'i, wasan nan nasu mai kama da zari-ruga. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Sai dai babbar gasar, mai ƙungiyoyi fiye da 130, ba ta san hawa da sauka ba. Duk lalacewar ƙungiya ba ta faɗawa rukunin ƴan dagaji, kuma duk ƙwazon ƙarama ba ta shiga sahun manya sai an gayyace ta. Mu a wannan jarida muna ganin lokacin sauya tsarin ya yi.

Wanda ke gayyata kuwa kuɗin talabijin ne. A 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni ta kusan dala miliyar 7. Zuwa 2024, jami'o'i goma cikin goma sha biyu na rukunin Pac-12, wanda ya haura shekara ɗari da kafuwa, sun watse zuwa inda ya fi maiƙo. Aka bar Oregon State da Washington State a rana. Oregon State ta ci wasa goma a kakar 2022, don haka ba rashin iya wasa ya kayar da ita ba, ƙarancin ƴan kallo a garinta ne. Wannan ma sauka ce, amma a ɗakin taro aka yanke ta, babu alƙalin wasa, babu ranar dawowa.

Haka abin yake a sama. A 2017 jami'ar UCF ta lashe dukan wasanninta, amma kwamitin zaɓe bai saka ta cikin huɗun da suka fafata neman kofi ba. A 2023 aka maimaita wa Florida State. Faɗaɗa gurabe zuwa 12 a 2024 ya rage ƙorafi, bai taɓa tushen matsalar ba.

Masu kallon Firimiya a Maraɗi da Damagaram sun san amfanin buɗaɗɗiyar ƙofa. Leicester ta hau a 2014, ta ɗauki kofi a 2016, ta sauka a 2023. Luton ta taso daga rukuni na biyar ta kai Firimiya cikin shekara tara. Fili ne ya yanke hukuncin duka biyu.

Masu adawa suna da hujja mai nauyi. Kuɗin wannan ƙwallo ne ke ɗaukar nauyin sauran wasannin jami'a, har da na mata, kuma tun 2025 jami'o'i na biyan ƴan wasa kai tsaye. Jami'ar da ta sauka za ta yi asarar kuɗi, taurarinta su gudu. To amma Ingila ta daɗe da samun maganin wannan: ana ba ƙungiyar da ta sauka tallafi na ƴan shekaru har ta miƙe. Ana kuma iya ware ƙwallon shi kaɗai a yi masa rukunai uku ko huɗu, a bar sauran wasanni a yankunansu, ɗalibai su huta da ketare ƙasar daga gaɓa zuwa gaɓa.

Kada matasanmu su ce ba ruwansu. A watan Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka yi yunƙurin kafa Super League, gasar da masu kafa ta ba za su taɓa sauka ba. Cikinsu akwai Manchester United da Liverpool da Arsenal, dukansu a hannun attajiran Amurka. Boren magoya baya ne ya rusa shirin cikin kwanaki. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya faru da Pac-12 ya nuna inda rufaffiyar gasa ke kai ƙananan ƙungiyoyi, kuma masu wannan ra'ayi ba su sauka daga kujerunsu ba.