Jamus ba za ta koya wa Kabawa tsimi ba

A tarukan bita kan sauyin yanayi da ake yi a Birnin Kebbi, hoton da ake haska mana a bango kusan ɗaya ne: rufin gidajen Jamus cike da farantan sola, fankokin iska na juyawa a bakin teku. Daga nan sai a juyo kan matar ƙauye mai girki da itace, a ce ita ke janyo mana hamada. Wannan karatun na ƙi shi.

Jamus ɗin da ake yabo, a watan Janairun 2023 'yan sandanta suka kwashe masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath, aka rushe shi domin kamfanin RWE ya haƙi kwal ɗin da ke ƙarƙashinsa, irin kwal mafi hayaƙi. A 2022 da gas ɗin Rasha ya yanke, sai ta sake hura tashoshin kwal da ta jingine. A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta sa gas cikin makamashin da ta yarda a zuba wa jari, alhali a Glasgow a 2021 an sa hannu kan daina ba da kuɗin irin wannan aiki a ƙasashen waje. Halal gare su ke nan, haram gare mu, mu da duk Afirka ba mu kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Motocin da suka gaji a can kuwa, su ne muke saye muna ce musu Beljiyam.

A zo Argungu a ga tsimi. Kogin Matan Fada ba a yin su a cikinsa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Shekara guda kifi na hayayyafa, giwan ruwa na girma, sannan ranar bikin kamun kifi masunta su faɗa ruwa da homa da gora, su yi ɗan lokaci su fito. Tun 1934 ake bikin nan, UNESCO ba ta sa shi a littafinta ba sai 2016. Babu ƙwararren da ya zo ya tsara wa Kabawa wannan doka.

Da ƙwararrun suka zo fa? Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori. A 1980 aka harbe manoman da suka nemi haƙƙin gonakinsu. A ƙasan kogi, ambaliyar damina da ke shayar da fadama ta ragu, shinkafa da kifi suka ragu tare da ita. Wannan ma ci gaba aka kira shi.

Ina son sola, musamman ga manomin rani da kuɗin fetur ya karya. Amma ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar Kebbi, kuma ba murhun matar ƙauye ya ɗumama duniya ba. Masu hayaƙi su biya ɓarnar, a matsayin diyya, ba bashi ba. Mu kuma a gida, kafin a buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, a sanar da Sarkin Ruwa da manoman fadamar Argungu, a ji ta bakinsu.