Filin wasan Jami'ar Michigan: Yadda mutum dubu 107 ke zaman jiran mai jar hula

Garin Ann Arbor da ke jihar Michigan a Amurka bai kai mutum dubu 125 ba a ƙidayar da aka yi a 2020. Amma a wasu ranakun Asabar, shida zuwa takwas a shekara, tsakanin ƙarshen Agusta da ƙarshen Nuwamba, mutum fiye da dubu 100 ne ke cika fili ɗaya a garin domin kallon wasa. Kuma ba ƙwararrun 'yan wasa suke zuwa kallo ba. Ɗaliban jami'a ne, waɗanda ran Litinin za su koma aji.

Wasan shi ne ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, wanda ake sanya hular kwano da sulken kafaɗa. Filin kuwa na Jami'ar Michigan ne, ana masa laƙabi da Babban Gida. Yana ɗaukar mutum 107,601, shi ne mafi girma a Amurka, kuma na uku a duniya bayan filin Narendra Modi na Indiya da filin Rungrado na Koriya ta Arewa. Filin Moshood Abiola na Abuja, mai ɗaukar kimanin mutum dubu 60, da kaɗan ya haura rabinsa.

Masoya ƙwallon ƙafa za su iya tuna filin. A nan ne Manchester United ta doke Real Madrid da ci 3-1 a wasan sada zumunta na watan Agustan 2014, a gaban 'yan kallo 109,318.

Duk wanda hanya ta kai shi yankin a wannan lokaci, ranar wasa a Babban Gida ta cancanci ya ba ta yini guda. Sai dai ya sani tun daga gida: daɗin ranar yana wajen mutane, ba wajen hukumar wasanni ba. Abin da 'yan kallo da ɗalibai ke kawowa kyauta shi ne ke riƙe da ranar. Abin da ake sayar masa da tsada, wato wasan kansa, gidajen talabijin sun daɗe da yanka shi gunduwa-gunduwa.

Biki yana farawa tun kafin a buɗe ƙofa

Idan wasan na ƙarfe 12 na rana ne, tun da sanyin safiya motoci ke jeruwa a harabar makarantar sakandaren Pioneer da ke tsallaken titi, da kuma filin wasan golf na jami'ar. Kowa ya buɗe bayan motarsa, ya kafa rumfa, ya hura gawayi, ya ɗora nama. Wasu har da talabijin da janareta. Akwai iyalan da suka shafe shekaru suna tsayawa a gefe ɗaya, kaka da ɗa da jika, duk cikin tufafi masu launin shuɗi da ruwan masara, launukan jami'ar.

Wannan zaman bayan mota shi ne zuciyar ranar. Baƙon da ya yi sallama da fara'a da wuya ya wuce ba a miƙa masa faranti ba. Musulmi dai ya yi tambaya kafin ya kai baki, domin yawancin tsiren da ake gasawa a irin wannan wuri na alade ne, kuma giya tun da safe ake buɗe ta. Wanda ke neman halal hankali kwance, garin Dearborn, mai ɗimbin Larabawa da Musulmi, bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba.

Daga nan sai ƙungiyar badujala ta jami'ar, ɗaruruwan ɗalibai da ganguna da kakaki, su taso daga zaurensu na Revelli su bi titi zuwa fili, jama'a na biye da su. Babu tikitin da ake nema domin wannan.

Filin da ke ɓoye girmansa

Wanda ya tunkari filin daga waje zai iya raina shi. Dalili kuwa, lokacin da aka gina shi a 1927, a zamanin shugaban wasannin jami'ar Fielding Yost, haƙa ƙasa aka yi aka binne mafi yawansa a ciki. Mutum zai shiga ta ƙofa a daidai tsayin titi, ya ratsa wani ɗan lungu, kwatsam sai ya ga wani makeken kwano a ƙarƙashin ƙafafunsa, cike da mutane daga baki har gindi. Wannan kallon farko shi kaɗai ya biya wahalar tafiya.

Ɗayan da ke maƙale a ƙarshen adadin 107,601 ma yana da labari. Kujera ce da aka ware domin girmama Fritz Crisler, tsohon kocin ƙungiyar kuma tsohon shugaban wasanni, kuma ba a bayyana inda take.

Kafin a take wasa, jagoran badujala zai lanƙwasa bayansa har kansa ya kusa taɓa ƙasa, fili ya kaure da ihu. 'Yan wasa su fito da gudu daga rami ɗaya tilo da ke shiga filin, su yi tsalle su taɓa wani dogon ƙyalle da aka ɗaga a tsakiya. Sannan a rera taken ƙungiyar, The Victors, wanda wani ɗalibi mai suna Louis Elbel ya tsara a 1898. Mutum dubu ɗari na ɗaga hannu a lokaci guda kamar an kunna su da makunni ɗaya. Ko wanda bai san dokar wasan ba sai tsikar jikinsa ta tashi.

Tun daga Nuwamban 1975, duk wasan gida da aka bar 'yan kallo suka shiga, adadin da aka sanar bai taɓa sauka ƙasa da dubu 100 ba. Shekarar korona ce kaɗai, 2020, aka buga babu jama'a. Mafi yawan mutanen da suka taɓa hallara domin ƙwallon Amurka a filin su ne 115,109, a wasa da Notre Dame a Satumban 2013.

Amma yadda ake samun wannan adadi, jikin ɗan kallo ne ke biya. Yawancin wuraren zama dogayen benci ne marasa majingina, an rubuta lamba a kai. Rabon kowa ɗan tsiriri ne, kuma a Nuwamba, lokacin da kowa ya jibga rigunan sanyi, layin da aka auna wa mutum ashirin ba ya ɗaukar ashirin. Wanda ya makara zai tarar lambarsa na ƙarƙashin cinyar wani. Babu rufi, ruwa ko ƙanƙara duk a ka. Ba a shiga da jaka, kuma wanda ya fita ba ya dawowa da tikitinsa, don haka mai sallah ya tsara azahar da la'asar ɗinsa tun kafin ya shiga. Duk wannan ana iya haƙuri da shi. Tsohon gini ne, kuma matsin ma wani ɓangare ne na armashin.

Inda gizo ke saƙa

Dokar wasan a taƙaice: 'yan wasa 11 kowane ɓangare, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, idan ta kai ƙwallo ƙarshen fili ta samu maki shida. Minti 60 ne a agogo, an raba shi huɗu. Amma wanda ya zauna ƙarfe 12, da wuya ya tashi kafin uku da rabi.

Wani ɓangare na wannan jinkiri ɗabi'ar wasan ce, domin ana tsayawa bayan kowane yunƙuri. Sauran kuwa talla ce. Akwai wani ma'aikaci da ke tsayawa a bakin fili, an san shi da jar hula. Da zarar gidan talabijin ya tafi talla, sai ya tako cikin fili ya tsaya, kuma muddin yana tsaye alƙalin wasa ba zai busa a ci gaba ba. An ci maki, sai talla. An buga ƙwallo daga tsakiya, wani lokaci a sake komawa talla. 'Yan wasa na tsaye suna huce gumi, mutum dubu 107 na zaune cikin sanyi, ana jiran a gama tallar mota da inshora ga wanda ke kwance a falonsa.

Wanda ya saba da minti 45 ba tsayawa a gasar Firimiya zai sha mamaki. Mai kallo a gida ma ya fi shi morewa, don shi zai tashi ya ɗebo ruwa.

Hukumar wasannin jami'o'i ta ce tana son rage tsawon wasa. A 2023 ta sauya doka, aka daina tsayar da agogo duk lokacin da ƙungiya ta cika yadi 10, sai a mintuna biyun ƙarshe na kowane rabi. Wato abin da aka rage wasan ne, ba tallar ba. A 2024 kuma aka ƙaro hutun dole idan saura minti biyu a kowane rabi. Mai hankali ya san wa wannan hutu ya yi wa rana.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2022 rukunin Big Ten, wanda Michigan ke ciki, ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC kan kuɗin da aka ruwaito sun kai kimanin dala biliyan bakwai. Wanda ya biya irin wannan kuɗi shi ke da ta cewa. Shi ya sa sau da yawa ba a sanar da lokacin take wasa sai saura kwana 12, wani lokaci ma shida. Iyalin da za su taso daga wata jiha, su kama ɗakin otal, ba su san ko wasan rana ne ko na dare ba har sai gidajen talabijin sun gama rabon wasanni a tsakaninsu. Filin da ya shekara 84 bai ga wasan dare ba, sai a 2011, yanzu yana bin jadawalin da aka rubuta a wani wuri. Kuɗin nan ne kuma ya jawo jami'o'i huɗu daga gaɓar yammacin Amurka, USC da UCLA da Oregon da Washington, cikin rukunin a 2024, ɗalibai na ƙetare ƙasa a jirgi domin wasa guda.

Ba wai ɗan kallo ya samu sauƙi a aljihu ba. Tikitin babban wasa a hannun masu sake sayarwa yana kai ɗaruruwan daloli. Mai son tikitin kakar wasa a wuri mai kyau sai ya haɗa da wata gudummawa ta dole a kan kuɗin tikitin. Gyaran da aka kammala a 2010, na dala miliyan 226, ya ɗora ɗakunan alfarma masu gilashi a gefe biyu na filin da a da kowa, attajiri da ɗalibi, kan benci ɗaya yake zama. A 2024 aka fara sayar da giya a ciki.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kuɗin ƙwallon Amurka ne ke ɗaukar nauyin wasannin da ba sa kawo riba, irin su ninƙaya da kokawa da guje-guje, maza da mata. Sannan 'yan wasan da suka shekara da shekaru suna cika fili ba a biyansu sun fara ganin rabonsu: tun Yulin 2021 suna iya karɓar kuɗin talla da sunansu, kuma bayan sulhun da wata kotu ta amince da shi a Yunin 2025, kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Yaron da ke sa ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa cikin haɗari ya cancanci wannan, har da ƙari.

To amma biyan 'yan wasa bai wajabta wulaƙanta 'yan kallo ba. Abin da Fox ke saye ba gudu da ƙwallo kaɗai ba ne. Tana sayen hoton kwanon nan cike maƙil, da rurin ɓangaren ɗalibai da ke tsaye tun daga farko har ƙarshe, da yadda fili ke ɗaukar waƙar Mr. Brightside ta ƙungiyar The Killers baki ɗaya a rabi na biyu. Waɗanda ke samar da wannan haja su ne ke biyan kuɗin shiga, kuma su ake bari cikin sanyi. Gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila na karɓar biliyoyi daga talabijin ba tare da an tsayar da wasa domin talla ba. Ba lallai Big Ten ta kai nan ba, amma rage yawan hutun talla da sanar da lokacin wasa da wuri ba su fi ƙarfin jami'o'in da suka sa hannu a takardar ba.

Wanda zai je sau ɗaya a rayuwarsa, ya nemi wasan Ohio State, babbar abokiyar gaba, wanda ake bugawa a ƙarshen Nuwamba kuma yake zuwa Ann Arbor shekara bi shekara, ana tsallake ɗaya. A irin wannan rana ko mai jar hula ba ya iya kashe wutar. A 2021, ƙanƙara na zuba, Michigan ta yi nasara da maki 42-27, karon farko da ta doke Ohio State tun 2011. Hassan Haskins ya kai ƙwallo gida sau biyar. Cikin masu tsaron da suka hana Ohio State sakat akwai David Ojabo, haifaffen Najeriya da ya tashi a Aberdeen ta Sikotland. Da aka busa tashi, dubban 'yan kallo suka tsallake katanga suka cika filin, har ba a ganin ciyawa.

Wanda bai samu wannan tikiti ba, ya zaɓi wasan Satumba, lokacin da sanyi bai sauka ba kuma farashi bai yi tashin gwauron zabi ba. Ya isa awa uku kafin lokaci, ya ajiye mota nesa ya taka da ƙafa, domin bayan wasa titunan Main da Stadium tsayawa suke cak.