Finafinan gyaran aure: ƙaramin jari, babbar riba

Duk ɗan kasuwa ya san kayan da jama'a ke ƙishirwarsa ba ya kwana a rumfa. Abin da wasu Kiristocin Amurka suka gane ke nan game da mutuwar aure.

A shekarar 2008, wata majami'a mai suna Sherwood a garin Albany na jihar Jojiya ta fito da fim mai suna Fireproof. 'Yan'uwa biyu, Alex da Stephen Kendrick, suka tsara shi da jarin dala dubu 500, akasarin ma'aikatan kuma 'yan majami'ar ne masu aikin sa kai. Fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 33. Labarin wani ma'aikacin kashe gobara ne da aurensa ke gab da mutuwa, mahaifinsa ya roƙe shi ya yi kwana 40 yana kyautata wa matarsa kafin ya yanke hukunci. A 2015 suka sake fitowa da War Room, inda wata tsohuwa ke koya wa matar aure kai kukanta ga Allah maimakon cacar baki. A Nijeriya ma, ƙungiyar Mount Zion ta Mike Bamiloye ta daɗe a wannan hanya tun 1985.

To, me ya sa suka samu kasuwa? Sun taɓo inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Mu ma ciwon yana gidajenmu, shi ya sa a 2012 gwamnatin Kano da Hisba suka soma aurar da zawarawa.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mijin da ke cikin Fireproof yana kwana gida, yana da albashi. A Tamaske, Keita, Buza da Madawa kuwa, da an gama girbi magidanta da yawa sun tafi bida Nijeriya, Libiya ko Abijan, an bar mace da yara da cefane, tana tallan ƙuli-ƙuli ko albasa don tukunya ta hau wuta. Fim ɗin da zai ce mata ta yi haƙuri da addu'a kawai, bai ce wa miji ya aiko da na abinci ba, ya faɗi rabin gaskiya.

Ƙalubale ga masu shirya finafinan Hausa: limami da fasto duk suna wa'azin zaman lafiyar iyali, kasuwa kuma tana nan. Saura a nuna haƙƙin da ke wuyan kowa, miji da mata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.