Gidan Giya Mai Ɓoyayyar Ƙofa

Yau maganata da ku ce masu zuwa Amurka, ko karatu ko rakiyar maigida.

A can akwai gidajen giya marasa allo a ƙofa. Sun yawaita ne tun 1920, sa'ad da gwamnati ta hana sayar da barasa. Ƙungiyoyin mata suna cikin waɗanda suka matsa, don mazansu suna shanye albashi. Sai masu sayarwa suka koma ɓoye: a ƙwanƙwasa, a faɗi kalmar sirri, sa'an nan a buɗe. An soke dokar a 1933, amma yanzu an farfaɗo da salon don jawo baƙi. A New York akwai wani, Please Don't Tell, da aka buɗe a 2007. Ta rumfar tarho ake shigarsa, daga cikin kantin abinci.

To, in abokan tafiya sun ce a je ganin wani wuri, ki tambayi ko wane iri ne tun ba ki yafa gyale ba. In an kawo miki lemo mai launi, ki tambayi abin da aka zuba, gama zaƙi yakan ɓoye barasa. Kada ki tashi ki bar kofinki. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa.