Mutuwar da ba a faɗin sunanta



Akwai mutuwar da ake ɓoyewa a wurin zaman makoki. Sai a ce ciwon ciki ne, ko a ce kwana ya ƙare, kowa ya sunkuyar da kai. An sani, amma ba mai furtawa cewa mutumin kansa ya kashe. Addini ya hana, kunya ta ɗaure baki, shi ya sa ’yan siyasa ke kauce wa maganar. Mu za mu yi ta, domin magana ce ta lafiyar jama'a, kuma lafiyar jama'a aikin hukuma ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum fiye da 700,000 ne suka kashe kansu. A cikin kowane mutum 100,000 na duniya, 9 ke nan. A Afirka 11 ne, babu yankin da ya kai mu. In aka ware maza kaɗai, mazan Afirka 18 ne cikin 100,000, su ne a kan gaba a duniya. Wanda ke ce maka wannan ciwon Turawa ne, bai duba lissafi ba.

Me ya sa maza? Kai maigida ka fi mu sani. Tun kana yaro aka ce maka namiji ba ya kuka. Bashin taki na wuyanka, ruwan kogi ya cinye shinkafa, albasa ta ruɓe a buhu, amma in an gaishe ka sai ka ce lafiya lau. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da gwamnatinmu ta bi takunkumin CEDEAO, gadar Malanville da Gaya ta rufe. Bangarenmu ya buɗe a 2024, na can bai buɗe ba. Ɗan dako, ɗan kabu-kabu, ɗan kamasho, yaron mota, duk wanda ke ci daga gadar nan ya wayi gari hannu babu kome, ga iyali na kallonsa. Ba mu ce gada ke kashe mutum ba. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa bashi da rashin aiki da ciwon damuwa, in suka taru a kan wanda ba shi da mai saurarensa, suna kai shi bakin rami.

Ke kuma uwargida, kada lissafin ya sa a manta da ke. Mata sun fi maza ƙarancin mutuwa ta wannan hanya, amma a wurare da yawa sun fi yawan yunƙuri. Yarinyar da ta haihu ta daina ci, ta daina barci, ta ƙi kallon jaririnta, sai a ce iska ce. Sau da yawa ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana jin magani. Wadda ake duka a ɗaki, haƙuri kawai ake ba ta.

To, ina za a kai su? Babban asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na ƙasa, Jacquot, yana Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700. Akwai sashe a asibitin Parakou, shi ma kilomita 300 da wani abu. Wanda bai da kuɗin awo, ina shi ina kuɗin motar Kwatano? An shafe titunan kudu da kwalta, madalla, amma mu na bakin kogi ma ’yan ƙasa ne.

Sai maganar feshi. Kusan mutum 1 cikin 5 da suka kashe kansu a duniya, maganin ƙwari ne sanadi, kuma a Alibori, ƙasar auduga da lambu, a ɗakin kwana ake ajiye shi. Baƙin ciki na iya wucewa cikin awa ɗaya, in babu abu mai kisa kusa. Sri Lanka ta hana magungunan da suka fi haɗari, masu kashe kansu suka ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai mutu ba. Mu ma Benin ta hana endosulfan a 2008. Ashe ana iyawa in an so.

Ga abin da jam'iyyarmu za ta tsaya a kai. A horar da ma'aikatan lafiya da ungozoma na Garou, Madécali, Guéné da Toumboutou su gane ciwon damuwa su ba da magani, masu tsanani a tura su asibitin Malanville. A riƙa ƙidaya wannan mutuwa, maza daban, mata daban, jiha jiha, ba tare da an tona asirin gida ba. A janye feshi mafi haɗari daga kasuwa. A zauna da Yamai har gada ta buɗe.

Kafin ranar zaɓe kuwa, in ka ji ɗan'uwanka na cewa ya gaji da duniya, kada ka yi masa dariya, kada ka fara da wa'azi. Zauna da shi, tambaye shi kai tsaye, kawar da feshi daga gidan, ka raka shi asibiti. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arka kuma, har da namu, tambaye shi inda zai kai mai wannan ciwo daga Garou, da wanda zai biya.