Taswira ba ta san tasharmu ba, mu muka sani

An ta da tashar mota daga wurinta, amma a taswirar intanet tana nan inda take da. Baƙo ya bi waya, ya biya ɗan kabu-kabu, ya tarar da fili, motar Damagaram ta tafi. Sai mu hau zagin Bature. Ina laifinsa? Wanda ke zaune a Amurka bai san inda ƴan kamasho ke kiran fasinja a Maraɗi ba. OpenStreetMap, da aka kafa a 2004, kowa na iya rajista ya mayar da alamar tasha daidai gurbinta. Google Maps ma na karɓar gyara. Muna wuni muna gardama a Facebook, aikin minti biyar ya gagare mu. Kai da ka san tashar, gyara ta yau, tun baƙon gobe bai kwana a titi ba.