Masu Sayen Rana Da Kuɗinsu

Ya kai mai karatu, ka sani a ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kwanciya cikin rana a bakin teku har fatarsu ta yi duhu, suna ganin ado ne. In hunturu ya ɓoye rana, sai su je kanti su biya kuɗi, su shiga wani gado mai murfi kamar akwati, cike da fitilu masu irin zafin hasken rana.

To, duhun nan ba shaidar lafiya ba ne, tabon rauni ne. Hasken yakan ratsa fata ya yi mata ɓarna, sai jiki ya ƙara baƙi domin tsare kansa. Ƙarshen al'amari tamoji tun gabanin tsufa, da ciwon daji na fata, wanda wani irinsa kan bazu cikin jiki ya yi kisa. A 2009 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa gadon nan sahu ɗaya da taba wajen jawo ciwon daji. A shekarar Barazil ta hana shi don ado. A 2011 Ingila ta hana wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A kasuwannin ƙasar Hausa ga man farar fata nan jibge, mai kankare baƙin da ke garkuwa ga rana. Ɗan kasuwa ya dubi abin da yake miƙa wa 'ya'yan mutane kafin ya ƙirga ribarsa. Wassalam.